4CAT ta ƙi tashi a laftof ɗina, wa ya taɓa girka ta?

Rukayya, Tudun Wada Gombe:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman wanda ya taɓa girka 4CAT, manhajar tattaro rubuce-rubucen soshiyal midiya da nazarinsu, a kan Windows. Kundin digirina na biyu nake rubutawa, a kan yadda Hausawa suka riƙa tattauna tsadar rayuwa a soshiyal midiya, tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur har zuwa zanga-zangar farkon Agusta 2024. Da hannu na fara: in ga rubutu, in ɗauki hotonsa da waya, da dare in zauna in kwafe shi cikin Excel. Wata biyu ina wannan, abin da na tara bai cika ɗari huɗu ba, idona kuma har ya fara ciwo. Shi ne wata ƙawata da ke karatu a waje ta ce in gwada 4CAT, kyauta ce. Na sauke Docker Desktop, manhajar da 4CAT take aiki a cikinta, kamar yadda masu ita suka ce, ina buɗewa sai ya tsaya, wai akwai wani saiti na kwamfutar da ba a kunna ba. Yau kwana uku ke nan ina wuri ɗaya. HP ce, RAM ɗinta giga 8, Windows 10.

Injiniya Bello, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ko ƙofar 4CAT ɗin ba ki kai ba tukuna. Docker a kan Windows yana dogara ne da wani ɗan Linux da ke zama a cikin Windows ɗin, WSL 2 ake ce masa, shi kuma ba ya tashi sai an kunna abin da ake kira Virtualization a BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da yawa daga cikin tokunbon da ake kawo mini shago a kashe yake zuwa. Kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ki kunna, kafin tambarin Windows ya fito ki riƙa danna F10, tunda HP ce. Ki nemo Virtualization Technology, ki mayar da shi Enabled, ki adana ki fita. In Windows ta dawo, ki buɗe PowerShell a matsayin admin ki rubuta wsl --update. In ta ce ba ta san WSL ba, sai ki rubuta wsl --install, ki sake kunna kwamfutar. Kada ki taɓa komai a BIOS ɗin ban da wannan layi ɗaya.

Auwal, Pantami:
Anti Rukayya ni shawarata ki rabu da Windows ɗin nan ki sa Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows. Docker a gida yake a Linux, babu WSL babu Docker Desktop mai cin RAM. Da giga 8 za ki ji bambanci sosai.

Injiniya Bello:
Auwal, gaskiya ka faɗa ta fuskar na'ura, amma ka duba mai na'urar. Kundinta na kan Word, duk babukan da ta rubuta suna cikin wannan laftof. Wanda bai taɓa raba faifai ba ka ce ya sa Ubuntu a tsakiyar rubuta kundi, in aka yi kuskure ɗaya aikin shekara ya tafi. A bar ta a Windows.

Auwal:
To Yaya Bello, na yarda. Amma dai ta kwafe babukan a falash kafin ta taɓa komai.

Rukayya:
Na kwafe, na kuma tura wa kaina ta imel. Alhamdu lillahi Docker ya tashi, ga ɗan kifin nan na tambarinsa ya yi kore. Injiniya Allah ya saka da alheri. Na sauke fayil biyun da aka ce daga shafinsu na GitHub, na sa su a folda ɗaya, na rubuta docker compose up -d, sai ya zubo mini gargaɗi layi-layi cewa bai ga wasu saituna ba, daga ƙarshe ya tsaya.

Injiniya Bello:
Duba sunan fayil na biyun. Dole ya zama .env, ɗigo a farko, babu komai kafin ɗigon, babu komai bayan env. Wajen saukewa sau da yawa sunan yakan canza, ɗigon ya ɓace ko a liƙa masa .txt a ƙarshe, Windows kuma tana ɓoye wannan wutsiyar ba za ki gan ta ba. Shiga View a cikin foldar ki kunna File name extensions, sai sunan gaskiya ya bayyana. A cikin wannan fayil ɗin ne aka rubuta sunan rumbun bayanai da kalmar sirrinsa da ƙofar da manhajar za ta buɗe, in Docker bai gan shi ba komai fanko yake ɗauka.

Rukayya:
Wallahi haka ne, env.txt na gani. Na gyara, yanzu yana saukewa. Amma data fa tana tafiya kamar ruwa a kwando.

Auwal:
Ki bari sai dare ki sayi ta dare, ta fi araha, kuma layin ya fi sakewa bayan sha biyu. In ya katse a tsakiya ki sake rubuta umarnin, abin da ya riga ya gama saukowa ba zai sake saukewa ba. Sannan ga duk wanda zai girka bayan Anti: ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. In mutum ɗaya ya sauke, da docker save za a juye ƙunshin manhajar da aka sauke zuwa falash, wani ya ɗora a tasa da docker load. Haka muka yi wa mutum huɗu a ajinmu da saukewa ɗaya.

Dakta Lamido:
Barkanku da ƙoƙari. Rukayya, kafin ki gama saukewa bari in gaya miki abin da kike shirin samu, don kada ki sa rai da abin da babu. Masu bincike a Jami'ar Amsterdam da ke ƙasar Holan ne suka gina 4CAT, Stijn Peeters da Sal Hagen, a ƙarƙashin Digital Methods Initiative. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya girka a tasa kwamfutar ba tare da biyan ko sisi ba. Aikinta kashi biyu ne: ta tattaro rubuce-rubuce, sannan ta ƙirga su ta jera su, misali rubutu nawa aka yi kowace rana, wace kalma ta fi yawa, wane hashtag ke tafiya tare da wane. Kashi na biyun yana nan daram. Na farkon ne duniya ta canza a kansa. A da Twitter tana ba masu binciken jami'a ƙofa ta musamman su kwashi rubutun shekaru a kyauta. A 2023, bayan Elon Musk ya saye ta, aka rufe wannan ƙofa, aka sa kuɗi, mafi ƙaranci dala 100 a wata a lokacin, kuma abin da ake ba ka a wannan kuɗin bai isa bincike ba. A da Facebook tana da CrowdTangle, wadda 'yan jarida da masu tantance labarai suke bin shafuka da ita, Meta ta rufe ta ranar 14 ga Agusta 2024, ta kawo Meta Content Library a madadinta, wadda sai an cike takardun nema an tantance mutum. TikTok ta buɗe tata ƙofar binciken a 2023, amma ga jami'o'in Amurka da Turai ta fara. To kin ga mu da ke Gombe da Bauchi, ƙofofin gaba ba su da sauƙin shiga gare mu.

Rukayya:
Innalillahi. Dakta, ke nan wahalar banza nake yi?

Dakta Lamido:
A'a, ba banza ba ce. Akwai hanya, sai dai ki san iyakarta. Gama girkawa tukuna.

Rukayya:
Barkanmu da safiya. Ƙarfe biyu da rabi na dare ya gama. Na buɗe burauza na rubuta localhost, adireshin da ake buɗe ta da shi a kwamfutar, sai wani shafi na daban ya fito, ba 4CAT ba.

Injiniya Bello:
Wata manhaja ce ta riga ta zauna a ƙofa ta 80. Kin taɓa sa XAMPP a darasin gina shafin intanet? To ita ce, ko makamanciyarta. Buɗe .env da Notepad, ki nemo PUBLIC_PORT=80, ki mayar da shi 8080, ki adana, ki sake rubuta docker compose up -d, sannan ki buɗe localhost:8080. In shafin bai fito nan take ba ki ba shi 'yan mintuna, karon farko yana gina rumbun PostgreSQL ne a ciki. Kina iya leƙa abin da yake yi da docker logs 4cat_backend.

Rukayya:
Ta buɗe! Ta ce in ƙirƙiri asusun admin, na yi. Allah ya biya ku da Aljanna gaba ɗaya. Sai dai fankar laftof ɗin tana ta ihu, Word ma da ƙyar yake buɗewa.

Auwal:
WSL ne ya kwashe rabin RAM ɗinki. Ki rufe Chrome in kina aiki da ita, in kin gama kuma ki rubuta docker compose stop ki rufe Docker ɗin gaba ɗaya. Sannan don Allah ki rubuta wannan a takarda ki liƙa a bango: kada ki taɓa rubuta docker compose down -v. Wannan -v ɗin yana goge rumbun da duk abin da kika tara. Ni ya faru da ni bara. Mako uku ina tara saƙonnin tashoshin Telegram, aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batirina kuma ya mutu tuni, da wuta ta dawo rumbun ya ƙi tashi. Na ga wani a intanet ya ce a rubuta wannan umarnin a sake farawa, na kwafa ban karanta ba. Ta tashi lafiya lau, amma babu ko layi ɗaya a ciki. Tun daga ranar duk abin da na tara sai na sauke shi a CSV, fayil ɗin tebur da Excel ke buɗewa, na ajiye a wuri biyu kafin in kwanta.

Anti Jummai, Bauchi:
Allah sarki Auwal. Rukayya, in batirinki ba ya riƙe caji, gara ki nemi inda ake da sola ki riƙa yin aikin nan. Rumbun bayanai ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu.

Rukayya:
Na gode Anti. Dakta, ga ni a ciki. Na duba jerin wuraren da take kwasowa, na ga Telegram da wasu shafukan da ban taɓa jin wani Bahaushe yana shiga ba. Facebook fa? Rabin abin da na kwafa da hannu daga Facebook ne.

Dakta Lamido:
4CAT ba ta shiga Facebook da kanta ta kwaso miki. Amma ɗari huɗun nan da kika sha wahala a kansu ba su faɗi ƙasa ba: ki gyara Excel ɗin, kowane rubutu layi ɗaya, ga gurbin lamba, ga na mai rubutu, ga na rubutun kansa, ga na kwanan wata, ki adana a CSV ki loda mata, za ta karɓa ta yi musu duk lissafin da take yi wa sauran. Telegram kuma sai kin je my.telegram.org kin karɓi lambobi biyu, api_id da api_hash, da lambar wayarki. Na X, wato Twitter a da, da TikTok da Instagram, mutanen Amsterdam ɗin sun yi wata 'yar manhaja da ake liƙa wa Firefox, sunanta Zeeschuimer. Ba ta neman izinin kamfani, domin ba ta roƙon komai daga wurinsu. Ke ce za ki shiga da asusunki, ki yi bincike, ki riƙa gangarawa ƙasa kamar mai karatu, ita kuma tana gefe tana rubuta duk abin da ya wuce ta gaban allonki. In kin gama ki danna, ta tura wa 4CAT ɗinki. A X kina iya taƙaita kwanaki, misali ki rubuta tsadar rayuwa since:2023-05-29 until:2023-06-05, ki bi mako-mako. To ga iyakar da na ce ki sani: abin da X ta ga damar nuna miki kawai za ki samu. Wanda aka goge ya tafi, asusun da aka rufe ya tafi da nasa. Saboda haka a kundinki ba za ki rubuta cewa ga abin da Hausawa suka faɗa ba. Za ki rubuta cewa ga abin da na samu, da waɗannan kalmomin bincike, a waɗannan ranaku, ta wannan hanya. In kin rubuta haka babu mai kayar da ke ranar kare kundi.

Malam Habu, Jekadafari:
Salamu alaikum. Tun jiya nake karanta ku ban sa baki ba, don ni ba ma'abocin kwamfuta ba ne, shekaruna na aiki a gidan rediyo na yi su. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mutum ya kwana da yunwa, ya shiga waya ya fitar da abin da ke cikinsa, wataƙila har ya zagi mai mulki. Bai san Rukayya ba, bai san jami'arta ba. Yanzu sai a zo da na'ura a kwashe maganarsa da sunansa da ranar da ya faɗa, a jera a tebur? Mu a rediyo, kafin mu miƙa wa mutum makirfo a babbar kasuwa sai mun ce masa daga gidan rediyo kaza muke, ka yarda a sa muryarka? In ya ce a'a mu wuce. Allah ya hana mu bin diddigin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12. Ina so Dakta ya gaya mini ina bambancin yake.

Auwal:
Baba, ai a fili suka rubuta. Duk wanda ya sa abu a X ya san duniya za ta gani.

Malam Habu:
Yaro, wanda ya yi magana a majalisar ƙofar gida shi ma a fili ya yi. Amma in ya ga ka fito da littafi kana rubuta sunansa da abin da ya ce, zai tashi ya bar wurin. Kuma ka tuna an kama mutane bayan zanga-zangar nan ta Agusta, har da yara ƙanana da aka kai kotu a Abuja. In laftof ɗin yarinyar nan ya faɗa hannun da bai kamata ba, tebur ɗin nan ya zama jerin sunaye.

Dakta Lamido:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, maganarka tana kan hanya, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. A ganina bambancin yana ga abin da ake nema. Mai bin diddigi mutum yake nema, yana so ya san wane ne ya faɗa. Rukayya magana take nema, tana so ta san me aka faɗa, sau nawa, yaushe ta sauya. Amma niyya kaɗai ba ta kare kowa, sai an ɗauki mataki. 4CAT tana da zaɓin da ke ɓad da sunayen masu rubutu, ta maye su da wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana, ko ta share su ɗungurungum. Rukayya, ki kunna shi tun wajen shigar da bayanan. Na biyu, kada ki kwafi maganar talaka kalma da kalma a kundinki, domin duk wanda ya liƙa jimlar a akwatin bincike zai kai ga mai ita, ko da kin cire sunan. Ki sake faɗarta da kalmominki. Gwamna ko minista ko kakakin hukuma, wannan daban, shi a bakin aikinsa ya yi magana. Na uku, Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun Yunin 2023, akwai kuma hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma dokar ta sa ra'ayin siyasa da addini cikin bayanan da ake tsananta kiyayewa. Ki kai tsarinki gaban kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku kafin ki ci gaba da tarawa.

Malam Habu:
Na ji, kuma na gamsu da rabi. Ragowar rabin shi ne rukunonin da ake shiga da gayyata. Wannan kam ɗaki ne, ba kasuwa ba.

Dakta Lamido:
A nan babu saɓani tsakaninmu, Malam. Tashar Telegram da kowa ke iya buɗewa, e. Rukunin da sai an saka ka, a'a, sai da izinin masu shi.

Rukayya:
Baba Habu na gode, wallahi ban yi tunanin laftof ɗin zai iya ɓata ba. Hotunan da na ɗauka da waya ma duk da sunaye a jiki. Yau zan cire su daga wayar, in sa wa foldar kalmar sirri.

Anti Jummai:
Tunda an zo nan bari in ƙara nawa. Na yi aikin wayar da kai kan rigakafi a ƙauyukan Bauchi, an taɓa ba mu aikin bibiyar jita-jita a intanet. Mun tara na X da na Facebook, muka rubuta rahoto mai kyau. Da muka fita wajen Darazo da Ningi, sai muka tarar abin da ke hana mata kawo yara ba ya cikin rahotonmu ko kaɗan. Saƙon murya ne na minti uku da ke yawo a WhatsApp, daga wayar miji zuwa ta maƙwabci, ana sauraro a tsakar gida mutum goma a kan waya ɗaya. WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya, babu 4CAT ɗin da za ta gan shi. Wadda ta fi jin tsadar masara a Gombe ba ta da asusun X, Rukayya. Masu X a Arewa yawanci 'yan boko ne na birni, maza sun fi yawa a abin da na gani. TikTok ya fi kusa da jama'a, amma can kuma maganar a baki take, a cikin bidiyo, abin da za ki kwaso rubutun ƙasan bidiyon ne da hashtag, wani lokaci #fyp kawai za ki gani alhali mutumin ya yi minti biyu yana bayanin kuɗin mudun shinkafa. Sai kin zauna kin saurara kin rubuta da hannunki.

Rukayya:
Haka ne Anti. Zan rage buri, in ce X da shafukan labarai na Facebook kawai, in faɗi dalili. Yanzu ga sabuwar matsala. Jiya na gwada Zeeschuimer a kan makon farko, na samu rubutu dubu ɗaya da 'yan kai cikin awa biyu, abin da ya fi na wata biyu. Na sa ta ƙirga kalmomin da suka fi yawa. Ga abin da ya fito a sama: da, a, na, ba, ya, ta, mai, Allah. Sannan na sauke CSV na buɗe a Excel, duk inda ƙ ko ɗ take sai wasu alamomi kamar rubutun aljanu.

Injiniya Bello:
Na Excel ɗin mai sauƙi ne. Kada ki buɗe fayil ɗin da danna shi sau biyu. Buɗe Excel fanko, ki shiga Data, From Text/CSV, ki zaɓi 65001 UTF-8, haruffan za su dawo daidai. Kuma ki mayar da gurbin lambar rubutu ya zama Text, don Excel ba ya riƙe lambar da tsawonta ya wuce guda 15, lambobin X kuma sun fi haka tsawo, sai ya mayar da na ƙarshen sifili ba tare da ya gaya miki ba. LibreOffice, takwaran Excel, ya fi sauƙi a nan, shi tambayarki yake yi tun wajen buɗewa.

Dakta Lamido:
Na kalmomin kuwa shi ne ainihin aikin, kuma a nan ne ba wanda zai yi mana shi daga Amsterdam. Wajen da take yanka rubutu kalma-kalma akwai gurbin da za ki zuba kalmomin da kike so a jefar. Ki zuba su da, a, na, ta, ya, ba, ne, ce, kuma, amma, wai, dai, fa, ma, sai, har. Kada ki kunna zaɓin da ke datse kalma zuwa tushenta, da ƙa'idar harsunan Turai aka gina shi, ba ya san cewa gidaje daga gida take ba. Amma wannan duk ƙaramin abu ne a kan matsalar rubutunmu. Mutum goma za su rubuta kalma ɗaya ta hanya biyar. Mafi yawan masu waya ba sa sa ƙugiya, saboda haka ƙasa da kasa sun zama abu ɗaya: "gwamnati ta kasa" da "kasa ta lalace" na'ura kalma ɗaya take gani. Ƙara da kara haka. Ɓata da bata haka, ga kuma masu haɗe "ba ta" su rubuta bata. In kin bar su yadda suke, ƙasa mai ƙugiya da maras ƙugiya za su rabu gida biyu a lissafi. In kin cire ƙugiyar duka don su haɗu, kin haɗa ƙasa da gazawa. Ni abin da nake yi, ina cire ƙugiya wajen ƙirga, sannan duk kalmar da zan kafa hujja da ita in koma in karanta jimlolinta ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma alamar 'y da hamza: 'yan kasuwa, yan kasuwa, ƴan kasuwa irin rubutun Nijar, sannan waya takan lanƙwasa alamar ta zama wani harafi daban a idon na'ura. Jama'a takan tsage biyu ta zama jama da a.

Auwal:
Ga kuma gajerun rubutu, Dakta. Wlh, gsky, slm, ngd, lfy. Da masu ja, wayyooo, tsadaaa. Da masu haɗa Turanci a tsakiya, su ce subsidy ɗin nan ya kashe mu.

Dakta Lamido:
Ƙwarai. Kuma wannan na ƙarshen yana shafar abin da za ta samu tun daga bincike. In ta nemi tallafin mai kaɗai, duk wanda ya ce subsidy ya kuɓuce mata. Ki kuma lura X ba ta gane Hausa a matsayin harshe, ba za ki ce mata ba ni na Hausa kawai ba. Masu NaijaSenti, su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa, da suka tara rubutun Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Pidgin suka fitar a 2022, da kalmomin yau da kullum na kowane harshe da wurin da aka yi rubutun suka riƙa zaƙulo su, sannan mutane masu jin harshen suka zauna suka yi wa kowanne alama da hannu. Ki nemi aikinsu ki karanta, a buɗe yake. Kuma kada ki yarda wata manhaja da aka horar da Turanci ta gaya miki wannan rubutu na jin daɗi ne ko na ɓacin rai. Bahaushe zai rubuta "mun gode, Allah ya saka" yana nufin Allah ya isa.

Malam Habu:
Wannan kam gaskiya ne. Kuma "Allah ya kyauta" ba yabo ba ne. Kada ku jefar da kalmar Allah cikin waɗanda za a share don ta yi yawa. Ku duba abin da ke biye da ita. Allah ya isa daban, Allah ya kawo sauƙi daban, Allah ya zaɓa mana mafi alheri daban. In da ni ne, zan so in ga a wane wata mutane suka bar ta biyun suka koma ta farkon.

Rukayya:
Baba, wallahi ka ba ni babi guda. Na duba yanzu, akwai wajen da take nuna kalmomin da ke zuwa kusa da wata kalma, zan sa Allah in raba shi wata-wata. Dakta, mai fa? Ita ce ta bakwai a jerin. Man fetur ne, ko mai gida, ko mai kyau, ko masu rubuta mai a maimakon me?

Dakta Lamido:
Kada ki ƙirga ta ita kaɗai. Ki ƙirga ta da abokiyar tafiyarta: gidan mai, kuɗin mai, kudin mai, tallafin mai, litar mai, layin mai, man fetur, fetur, bumburutu. Ki ware guda ɗari cikin waɗanda mai ta fito a ciki, ki karanta da ido, ki ga nawa ne na fetur da jerin nan bai kama ba, sai ki ƙara abin da ya ɓace.

Anti Jummai:
A ƙara da 'yan cuwa-cuwa da baƙar kasuwa. A Bauchi an fi cewa haka a layin mai.

Auwal:
Na buɗe takarda ɗaya da kowa zai iya rubutu a ciki, shafi biyu: kalmomin da za a jefar, da kalmomin da ake rubutawa ta hanya fiye da ɗaya. Na sa guda sittin da na tara bara. Duk wanda ya ƙara kalma ya sa misalin jimla a gefe don a san dalili. Yaya Bello, in za ka shigo Gombe ranar Asabar ka taho da falash ɗinka mai giga 32, akwai mutum biyu a ajin Anti Rukayya da suke so a juye musu.

Injiniya Bello:
In sha Allahu zan shigo da motar safe. Su duba Task Manager tun yanzu, a ƙarƙashin Performance, su ga ko Virtualization a kunne yake, kuma kowa ya tabbatar yana da wuri a faifansa, kada a zo ana goge hotunan biki a gabana. Rukayya, ki zo da cajarki, ina so in ga batirin nan.

Rukayya:
To Injiniya, Allah ya kawo ka lafiya. Na karanta ɗarin da Dakta ya ce. Talatin da takwas ne na fetur, jerin ya kama talatin da ɗaya. Cikin bakwan da suka kuɓuce, huɗu "mai ya tashi" ne, biyu "ba mai", ɗaya kuma wani ne ya rubuta "mae". Na ƙara su a takardar Auwal.